Yadda ake ɗinke fasasshen tangaran da urushi da zinariya, irin na mutanen Japan

Wanda ya fara ganin kwanon shayin Japan mai jijiyoyin zinariya a jikinsa yakan ɗauka narka zinariyar aka yi aka tsiyaya a cikin tsagar. Ba haka ake yi ba. Zinariyar ƙura ce da ake barbaɗawa a ranar ƙarshe, kaurinta ko na ɓawon albasa bai kai ba. Abin da ke riƙe da kwanon shi ne urushi, ruwan jikin wata bishiya da ke fitowa a Japan da Sin da Koriya. Sunan aikin kintsugi, wato haɗi da zinariya, amma kashi tara cikin goma na wahalarsa a kan urushi take, kuma kwano guda yakan ci wata biyu zuwa uku kafin a gama shi.

Ana yawan danganta farkon sana'ar da wani shugaban sojan Japan na ƙarni na 15, Ashikaga Yoshimasa. An ce ya aika wani koren kwanonsa da ya tsage zuwa Sin, aka dawo masa da shi an kama tsagar da ƙusoshin ƙarfe, kusan yadda masu ɗinkin ƙwarya ke yi a kasuwanninmu, wai daga nan ne masu sana'ar Japan suka nemi hanyar gyara da ta fi wannan kyau. Kwanon yana nan a gidan tarihi na ƙasa da ke Tokyo, ana kiransa Bakohan. Shi kuwa liƙa tukwane da urushi ya girmi wannan labari nesa ba kusa ba, domin an tono tukwanen zamanin Jomon, masu shekaru dubbai, da aka gyara da shi.

Ka fara sanin halin urushi

Ana tsaga ɓawon bishiyar daga watan Yuni zuwa wajen Oktoba, ana kwarfar ruwan kaɗan-kaɗan. Bishiyar da ta shekara 10 zuwa 15 abin da take bayarwa bai wuce giram 200 ba, daga nan a sare ta. Yankin Joboji da ke lardin Iwate shi ne ke fitar da mafi yawan na cikin gida, amma akasarin wanda ake aiki da shi a Japan ma daga Sin ake shigo da shi, kuma na Sin ɗin ya wadatar wa mai koyo.

Yawancin fenti da gam da muka saba da su, iska da rana ke busar da su. Urushi ya saɓa. Akwai wani sinadari a cikinsa mai suna lakes wanda ke jawo iska ya sandarar da ruwan, kuma ba ya aiki sai da danshi. Yana son danshin iska kashi 70 zuwa 85 cikin ɗari, da ɗumi digiri 20 zuwa 30. In ka shanya shi a busasshen wuri zai yi makonni yana danƙo. Saboda haka wanda zai yi aikin nan a Kano ko Zinder, damina ce lokacinsa. Da hunturu iska ta bushe ƙayau, ga ƙura mai sauka kan ɗanyen shafe, da bazara kuma zafin da ya haura digiri 40 yana raunana sinadarin. Ana iya yi a waɗannan lokuta, amma sai an tsare akwatin danshi sosai a ɗaki mafi sanyi.

Akwatin nan sunansa muro. Ba sai na katako ba. Kwali mai murfi ya isa: ka shimfiɗa leda a ƙasansa, ka ɗora jiƙaƙƙen tawul da aka matse, ka sa ɗan katako ko waya a sama yadda kayan ba za su taɓa ruwa ba, ka jefa ƙaramin ma'aunin zafi da danshi a ciki. Ma'aunin nan kada a yi masa rowa, don shi ne idonka. A riƙa sauya tawul kowane kwana biyu ko uku saboda fumfuna.

Sai maganar ƙaiƙayi, wadda ba ta wasa ba ce. Ɗanyen urushi yana fesar da ƙuraje masu ruwa da ƙaiƙayi mai tsanani, wani lokaci sai bayan kwana ɗaya ko biyu suke fitowa, su yi mako ɗaya zuwa biyu. Bishiyar danginsu ɗaya da mangwaro da yazawa, kuma duk wanda man ɓawon ƙwallon yazawa ya taɓa ƙona masa fata ya san irin abin da ake nufi. Wanda ruwan ɗanyen mangwaro ke kumbura wa leɓe ya ƙara yin hattara. A sa safar hannu ta roba da riga mai dogon hannu, kada a sosa fuska ana cikin aiki, a nisanta yara. In ya taɓa fata, a fara goge shi da man gyaɗa, sannan a wanke da sabulu da ruwa. Ruwa kaɗai ba ya fitar da shi. In fuska ko ido ya kumbura, a tafi asibiti. Bayan ya sandare sarai ba ya cutarwa, shi ya sa mutanen Japan suka yi ƙarnuka suna shan miya a kwanukansa.

Kayan aiki

Urushi iri uku ake buƙata. Akwai ɗanye, ki-urushi, mai launin madarar shayi wanda ke yin duhu da zarar ya sha iska. Akwai baƙi, kuro-roiro, na shafen tsakiya. Akwai ja, bengara, wanda aka haɗa da jan garin tsatsar ƙarfe, shi ne shimfiɗar zinariya. Bututu mai giram 10 zuwa 20 na kowanne zai gyara kwanuka da dama. Ɗanyen yakan yi rauni bayan kamar shekara guda, don haka a ajiye shi a firji cikin leda, kuma kafin a fara aiki a shafa ɗigo a gilashi a sa a muro. In ya kwana bai sandare ba, ya mutu, kada a ɓata kwano da shi.

Sauran su ne fulawa, da tonoko (lallausan garin yumɓu da ake sayarwa tare da urushi), da garin katako mai laushi da aka tankaɗe, da garin zinariya, da audugar siliki da suke kira mawata, da siririn buroshi mai dogon gashi, da hera, wato ɗan faifan katako ko roba mai faɗin baki na kwaɓi da shafe. Sai tayil ko gilashi na kwaɓawa a kai, ƙaramin magagari mai ƙurar daimon, reza ko wuƙa mai tsini, salatif na takarda, sanfefar ruwa lamba 600 da 800 da 1000, man tafentin ko sifirit na goge-goge, da man gyaɗa.

A kula da kayan da ake tallatawa a intanet da sunan kintsugi mai sauƙi. Yawancinsu gam ne mai bututu biyu da garin tagulla mai kama da zinariya. Ana gamawa a wuni guda, kuma ya yi kyau a kabet, amma ba abin da za a zuba wa abinci mai zafi ba ne.

Shirya gutsattsarin

A tattara duk ɓaraguzan, har 'yan ƙananan, a naɗe kowanne daban don kada bakunan su ci juna. A wanke da sabulu da tsohon buroshin haƙori. Maiƙo shi ne babban abokin gaban urushi, ko na yatsa ne, don yana hana shi sandarewa. In an taɓa liƙa kwanon da sufagulu, a jiƙa shi a ruwan zafi ko a narkar da gam ɗin da ruwan goge jan farce, a kankare tas. Farin tangaran mai tauri yakan bushe a wuni ɗaya, amma mai jikin ƙasa da ke shan ruwa sai ya samu kwana biyu ko uku.

Daga nan a gwada haɗa su a bushe, ba gam. A liƙa wa kowane yanki ɗan salatif mai lamba, a san wanda zai riga wani shiga. Akwai yankin da in ka bar shi ƙarshe, maƙwabtansa sun riga sun rufe masa ƙofa, ba zai shiga ba sai an fasa. Ƙa'idar ita ce a haɗa ƙanana su zama manya, a ƙare da rabi biyu.

Sai a ɗauki magagari a ɗan rage kaifin bakin kowane yanki, ciki da waje, abin da bai wuce rabin milimita ba. Wannan suna kiransa mentori. In an haɗa, sai a samu 'yar siririyar kwata a kan layin, a nan ne cike da shafe za su zauna. In ba a yi ba, layin zinariyar a saman santsi yake, wanki kaɗan zai ɗaye.

In kwanon yana da wurin da ba a yi wa shafen gilashi ba, kamar gindinsa, ko shafen nasa yana da ƙananan tsage-tsage irin na ado, a rufe gefen layin da salatif tun yanzu. Urushi yana shiga irin waɗannan wurare ya bar baƙin tabo da ba ya fita har abada. Farin kwano mai jikin ƙasa ya fi kowanne saurin ɓaci ta nan.

Mataki na ƙarshe a shiri: a sirka ɗanyen urushi da ɗigon tafentin, a shafa a fuskar karayar, a danna da tishu a tsane duk abin da bai shige ba, a sa a muro kwana ɗaya. Wannan yana toshe ƙofofin yumɓun, don kada ya tsotse ruwan gam ɗin da za a sa ya bar shi fanko.

Haɗawa da mugi-urushi

Gam ɗin kintsugi fulawa ce da urushi. Ga kwano mai kashi uku ko huɗu, rabin ƙaramin cokali na fulawa ya isa. A ɗiga ruwa kaɗan-kaɗan ana murzawa da hera a kan tayil har ya zama kamar cingam da aka tauna, ba gari a ciki. Daga nan a zuba ɗanyen urushi kimanin yawan kwaɓin, a ci gaba da murzawa da ƙarfi na wasu mintuna. Alamar ya yi ita ce in ka ɗaga hera ya biyo ta kamar zare, ya kai santimita 5 ko fiye kafin ya tsinke. In yana tsinkewa nan take, a ƙara urushi. In yana zuba kamar zuma, fulawa ta yi kaɗan.

Dole fulawar alkama ce, don danƙon da ke sa burodi tashi shi ake nema. Garin masara ko dawa ko rogo ba su da shi. Akwai wani haɗin da ake yi da kunun shinkafa, nori-urushi, shi ma yana riƙewa kuma ya fi saurin bushewa, amma mai koyo ya fara da na fulawa.

A shafa a fuskokin biyu, siriri amma ya rufe ko'ina har bakin layi. A ajiye su minti 15 zuwa 30, har launin ya yi duhu, danƙon ya ƙaru. Sannan a haɗa a matse da iyakar ƙarfin da kwanon zai ɗauka, ana ɗan motsawa har a ji haƙoran karayar sun faɗa cikin juna. Gam zai ɓulɓulo ta gefe, haka ake so. A bi layin da bakin hera daga wannan gefe zuwa wancan: in ta yi tuntuɓe, ɗaya ya fi ɗaya tudu, a gyara yanzu. Mugi-urushi yana ba da lokaci, ba kamar sufagulu ba, kuma ko washegari ana iya ɗan turawa. Kuskuren rabin milimita a haɗin farko yakan zama giɓi babba a na ƙarshe, shi ya sa ya fi kyau a haɗa duka a zama ɗaya a daidaita su tare.

A ɗaure da salatif a gicciye, ana ja, amma kada a rufe layin gaba ɗaya, yana buƙatar iska. A kafa kwanon a cikin roba mai yashi ko shinkafa yadda nauyinsa zai danna haɗin maimakon ya ja shi. Washegari a sake dubawa ko wani yanki ya zame.

Daga nan sai jira, mako biyu aƙalla, uku zuwa huɗu ga mai kauri. A nan yawancin masu koyo ke faɗuwa. Saman gam ɗin yakan yi tauri a kwana uku, sai mutum ya ɗauka an gama, alhali can cikin karayar inda iska ba ta kaiwa sosai ɗanye ne sharaf. In aka rufe shi da cike a haka, ba zai ƙara sandarewa da kyau ba, wata rana ana zuba shayi sai kwano ya rabe. Gwajin shi ne a kankari wanda ya ɓulɓulo da reza. In yana fita ƙaras-ƙaras kamar ƙanzo, ya yi. In yana naɗewa kamar roba, a mayar. In ya yi, a kankare duk abin da ya fito, a goge saura da sifirit.

In tsagewa ce kawai, kwanon bai rabu ba, ba a buƙatar mugi-urushi. A sirka ɗanyen urushi da tafentin, a ɗiga a kan tsagar daga ciki, zai bi ta da kansa har a ga baƙin layi ya ɓullo ta waje. A goge saman, a ɗaure, a ba shi mako ɗaya zuwa biyu, sannan a ɗan kwarzana layin da magagari. Hannun kofi ko na butar shayi kuwa, gam kaɗai ba abin dogaro ba ne, tunda shi ke ɗaukar nauyin ruwan zafi. Masu sana'ar sukan naɗe haɗin da zaren rama ko ƙyalle da urushi, ko su huda su sa ƙusa a ciki. Mai koyo ya bar wannan sai hannunsa ya faɗa.

Cike giɓi

Inda wani yanki ya ɓace, ko baki ya ɓalgace da zurfi, ana gina shi da kokuso. A ɗebi mugi-urushi a zuba masa garin katako kimanin yawansa, ana murzawa har ya daina kama safar hannu, ya zama kamar yumɓun gini. Wasu na ƙara 'yan zaruruwan rama don ƙarfi. A danna shi a giɓin da kyau, amma kaurin kowane zubi kada ya wuce milimita ɗaya zuwa biyu. Giɓi mai zurfin milimita 5 zubi uku ke nan ko huɗu, kowanne da kwana huɗu zuwa mako a muro. In aka cika shi a tashi ɗaya, waje zai yi ɓawo ya kulle ciki. In ya sandare, a sassaƙe shi da wuƙa ya bi siffar kwanon, a bar shi ɗan ƙasa kaɗan da saman tangaran, don akwai abin da zai hau kai.

Abin da zai hau shi ne sabi, lallausan cike mai toshe ƙananan ramuka da kwatar nan da aka yi da magagari. A murƙushe tonoko, a ɗiga ruwa har ya zama kamar man goge baki mai ɗan tauri, sannan a sa ɗanyen urushi. A ma'auni, tonoko 10 yana ɗaukar ruwa kamar 4 da urushi 5 zuwa 6. In ka shafe shi da hera ka ga ɗan sheƙi ya taso a sama bayan daƙiƙa biyu ko uku, ya daidaita. In urushi ya yi kaɗan, zai bushe yana zuba kamar ƙasa. In ya yi yawa, zai tattare ya ƙi bushewa a ciki. Ba ya kwana, a kwaɓa na ranar kawai.

A cusa shi a layin, kauri ƙasa da milimita ɗaya, a sa a muro kwana ɗaya zuwa biyu. A kankare wanda ya hau gefe, a goge da sanfefa 600 ko 800 da ruwa. A yanka sanfefar ƙanana kamar farce, a goge layin kawai, don tana kashe ƙyallin tangaran, kuma zanen zinariya ko fure da ke saman shafen yakan tafi da shafa ɗaya. Mutanen Japan sun fi son gawayi mai laushi na Suruga ko busasshen karan wata ciyawa mai suna tokusa, saboda suna cin sabi ba sa cin gilashi. A rufe ido a bi layin da yatsa. Duk ramin da yatsa ya ji, zinariya za ta nuna shi ƙarara, don haka a sake sabi sau biyu ko uku har wurin ya zama bai ɗaya. Daga nan a shayar da shi ɗanyen urushi da aka sirka, a tsane da tishu, ya kwana a muro.

Baƙin shafe

Buroshin urushi a cikin mai ake ajiye shi don kada ya sandare, saboda haka kafin kowane aiki a wanke man da tafentin sosai, a matse a tishu har ya daina barin tabon maiƙo. In an gama aiki a wanke shi da man gyaɗa har launi ya daina fita, a ajiye shi da man. Wanda ya manta wanke man kafin shafe zai tarar da layinsa yana danƙo bayan mako guda, ya rasa dalili.

A ja baƙin urushi a kan layin sabi, a rufe shi duka, a ɗan haura kan tangaran da kaurin gashi. Sabi yana shan ruwa, baƙin nan ne ke kare shi. A shafa siriri. Urushi mai kauri yana tattarewa kamar fatar da ta daɗe a ruwa, saboda sama ta riga ƙasa bushewa, kuma danshin da ya haura kashi 85 yana ƙara jawo haka. In ya tattare, babu gyara sai a bari ya sandare har ciki, a kankare, a sake. Bayan kwana ɗaya zuwa biyu a muro, a goge da sanfefa 1000 da ruwa har sheƙin ya mutu gaba ɗaya. Duk ɗigon da ya rage yana ƙyalli rami ne. A maimaita sau biyu ko uku. Kyan layin zinariya a nan ake samunsa, domin zinariya ba ta ɓoye komai.

Wani farin tangaran yana da santsi har urushi ba ya kama shi da kyau. Akwai nau'in da ake sayarwa musamman don gilashi, a yi amfani da shi a shafen farko.

Ranar zinariya

Kafin a kai nan, akwai abin da ya kamata Musulmi ya sani. An hana ci da sha a kwanon zinariya da azurfa. Game da gyara kuwa, Bukhari ya ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa ƙoƙon shan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsage, aka kama wurin da sarƙar azurfa. Da wannan ne malamai da yawa suka halatta ɗan gyara da azurfa saboda buƙata, suka tsananta a kan zinariya. Wanda zai ci abinci a kwanon ya tambayi malaminsa. Sana'ar kanta ta ba da mafita: ana gamawa da azurfa, shi ne gintsugi, ana kuma barin layin a jan urushi ko baƙi ba ƙarfe ko kaɗan. Ƙarfin gyaran ɗaya ne, kuma a kan kwano mai launin ƙasa jan layi yakan fi zinariya dacewa.

Garin zinariya iri biyu ne. Keshi-fun daga ganyen zinariya ake murza shi, irin wanda garin Kanazawa ya shahara da bugawa, yana da laushi kamar hoda, yana da sauƙin aiki, giram 0.1 yana rufe ɓalgacewa ɗaya da layi ɗaya ko biyu. Maru-fun ƙwayoyi ne masu ɗan girma, ya fi ƙarko da sheƙi, amma yana cin zinariya da yawa kuma sai an cike tsakaninsa da urushi an goge. A fara da keshi-fun.

A share ɗakin, a kashe fanka, a goge layin da sifirit. A ja jan bengara a kan baƙin, siriri fiye da duk shafen da aka yi a baya, har ana iya hango baƙin ta ƙarƙashi. Ja ake sawa domin yana ƙara wa zinariya ɗumin launi, kuma yana nuna inda buroshi ya tsallake. In ƙura ta faɗa, a ɗauke ta da bakin allura. A sa a muro minti 15 zuwa 30, gwargwadon yanayi, har ya fara kamawa. Masu sana'ar suna hura masa numfashi a hankali: in wani shuɗin hazo ya bayyana a sama ya ɓace, lokaci ya yi. Dabara mai kyau ita ce a ja ɗan layin gwaji a tayil a lokaci guda, a riƙa gwadawa a kansa.

A dunƙule audugar siliki kamar girman kan yatsa, a dangwali garin, a sauke shi a gefen layin, a riƙa turo shi kan jan da ɗan zagaye, ba tare da audugar ta taɓa ɗanyen urushi kai tsaye ba. In layin ya rufu, a ƙara gari a shafa a hankali har sheƙi ya fito. In an yi gaggawa ko jan ya yi kauri, zinariyar za ta nutse, layin ya yi duhu-duhu, sai an ƙara gari mai yawa. In an makara, ba za ta kama ba, sai a bari ya bushe a goge a sake jan. A yi aikin a kan farar takarda mai santsi don a tattara wanda ya zube.

A mayar muro kwana biyu zuwa uku. A share ragowar garin da jiƙaƙƙen tishu. Don ƙarin ƙarko, a ɗiga ɗanyen urushi da aka sirka a kan zinariyar, a danna da tishu, ana sauyawa har ya daina ɗaukar launi, ya kwana biyu a muro. Wanda ya bar saura a sama zai dusashe zinariyarsa. Daga nan a iya murza layin a hankali da dutsen aƙiƙ mai santsi. A Japan har da haƙorin wani kifin teku mai suna tai ake wannan gogen.

Kula da kwanon bayan gyara

Kada a zuba masa komai sai ya ƙara wata guda aƙalla a wuri mai ɗan danshi, wata biyu ko uku ga mai fata mai saurin ƙaiƙayi, domin urushi yana ci gaba da ƙara tauri bayan ya bushe a ido. In ka kai hanci ka ji warinsa, bai gama ba. A wanke shi da ruwan ɗumi kafin amfanin farko.

Sandararren urushi ba ya jin tsami ko gishiri ko zafin shayi da miya. Abin da ke kashe shi hasken rana ne, yana sa shi ya dusashe, don haka kada a jera shi a taga ko a shanya shi a tsakar gida. Ba a sa shi a na'urar ɗumama abinci, saboda ƙarfen zai yi tartsatsi. Ba a sa shi a obin, ko kan wuta, ko injin wanke kwanuka, ko firiza. Ba a barinsa ya kwana a ruwa, musamman mai jikin ƙasa, don ruwan yana bi ta yumɓun ya shiga ƙarƙashin gyaran ya ɗaga shi. Wanki da soso mai laushi da ɗan sabulu, ba soson ƙarfe ba, ba toka ko yashi ba, a tsane da ƙyalle nan take. Cokalin ƙarfe yana kankare layin da ke cikin kwano, na katako ya fi. In za a jera shi cikin wasu, a sa ƙyalle ko takarda a tsakani.

Azurfa tana yin baƙi da daɗewa, ƙwai ma yana saurin sauya mata launi. Ana goge ta a hankali da lallausan ƙyalle, wasu kuma sun fi son ta a haka. Keshi-fun kuwa yana sudewa a inda leɓe da yatsa ke yawan taɓawa, sai jan da ke ƙasa ya fara leƙowa bayan wasu shekaru. Wannan bai taɓa ƙarfin haɗin ba. In ana son sabunta shi, a goge wurin da sanfefa 1000, a share da sifirit, a sake jan bengara a barbaɗa gari, aikin mako guda ne. In kuwa gefen layin ne ya fara ɗagowa har farce na shiga, a daina zuba masa abinci, a kankare wurin har a kai ga mai ƙarfi, a dawo daga matakin sabi.